Kiki-kaka Ba Kaye Ba Ne

Yau za mu tattauna a kan kalmomi biyu da muke yawan haɗawa wuri ɗaya, alhali ma'anarsu ta sha bamban: kiki-kaka da kaye.

Uwargida, kaye daga fagen kokawa muka aro shi. Da zarar an kai mutum ƙasa, magana ta ƙare. 'Yan dambe kuma kisa suke cewa, ko da gwiwa ce kawai ta taɓa ƙasa. Amma in aka yi turmi uku babu kisa, sai a raba su, kowa ya tafi da ƙafafunsa. Wannan shi ne canjaras, ko kunnen doki, tunda kunnuwan doki babu wanda ya fi wani tsawo. Kiki-kaka kuwa shi ne a ja daga, kowa ya kafe, an kasa gaba an kasa baya, amma ba wanda ya faɗi.

Ko a tarihin duniya haka abin yake. A 1945 Jamus ta sha kaye, ta miƙa wuya ba tare da sharaɗi ba, har ƙasashe huɗu suka raba ta a tsakaninsu. Yaƙin Koriya kuwa, daga 1950 zuwa 1953, kiki-kaka aka yi. Da kowa ya ga ba zai iya kayar da wani ba, sai aka zauna aka sa hannu a kan tsagaita wuta.

To, me ya kawo wannan cikin shirinmu? Sau da yawa za ki ji mace ta ce, "Ai ni an gama da ni," don kawai ta yi sati biyu suna ja-in-ja da maigida a kan kuɗin makarantar yara ko komawarta karatu. 'Yar uwa, ba a gama da ke ba. Matuƙar bai iya yanke magana shi kaɗai ba, ke ma ba ki iya ba, kiki-kaka ne, kuma maganinsa zama da sulhu. A kira dattijo daga danginsa, a kira daga naki.

Sannan kar ki nemi kaye a cikin gidanki. In kin kayar da maigida ko abokiyar zama a gaban yara, gobe da safe da wanda kika kayar ɗin za ki tashi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.