Kafin Mu Ce wa Kwamfuta Ta Goge



A da, gara da gobara muke tsoro a kan rajistar ɗalibai. Yau makin zango uku yana cikin kwamfuta, kuma layi ɗaya a baƙin allon umarni ya isa ya shafe shi.

Umarnin del na Windows da rm na Linux ba sa kai fayil kwandon shara, kuma galibi ba sa tambaya. In muna son su dakata su tambaye mu a kan kowane fayil, sai mu rubuta del /p ko rm -i. Amma /q da -f kashe gargaɗin suke yi. Haka nan a Linux, kulle fayil daga gyara ba ya kare shi: duk mai izinin rubutu a foldar da yake ciki yana iya goge shi.

A 1998, umarnin rm ya cinye mafi yawan aikin fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar na Amurka. Kwafin da wata ma'aikaciya ta ajiye a gida ne ya cece su.

Don haka mu duba foldar da muke ciki kafin gogewa, mu taƙaita masu izini, mu ajiye kwafi a filas. Makin yaro amana ce, da-na-sani kuwa ƙeya ce.

Allah Ya taimake mu.