Kafin Ki Biya Kuɗin Dashen Lemun Tsami

Kuɗin adashin nan da gumi muka tara su, kar mu zuba su a dashen da zai mutu mana a hannu.

Ko a Funtua ko a Malumfashi, in kin je wurin masu renon itatuwa, ki ce ɗan aure kike so. Shi yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 ko 4, na ƙwallo kuwa sai 5 ko fiye. A nuna miki wurin auren, ki ga ya warke.

Juya ganyen ki duba bayansa. In ya yi rawaya, ya nannaɗe, ko da ƙwari manne, bar musu abinsu komai sauƙinsa. Araha ba ta ado. Ɗaga ledar kuma. In saiwa ta faso ta dunƙule, ya kwana biyu a ciki, kamuwarsa sai da wahala.

Ki bari damina ta zauna, wajen Yuni ko Yuli, sannan ki saya. Dasa da ruɓaɓɓen taki, ki kewaye da ƙaya saboda awaki. Tsiron da ya fito ƙasan auren, cire shi.

Mu haɗa kuɗi, mutum biyu su sayo wa kowa, sari ya fi sauƙi. Allah ya sa albarka.