Mu Rubuta Asalinmu Tun Tsofaffinmu Suna da Rai



An ba ni in yi magana a kan binciken asalin iyali domin amfanin 'ya'yanmu da jikokinmu. Wani zai ce wannan aikin gidajen sarauta ne, masu maroƙa da mabusa da ke riƙe musu sunayen kakanni. Ni kuwa na ce mu ne muka fi kowa bukatarsa. Yawancin ikkilisiyoyinmu ƙanana ne, kuma mutanen da suka kafa su zuwa suka yi daga wani wuri. Wasu aikin bishara ya kawo su, wasu aikin jirgin ƙasa ko haƙar kuza, wasu yunwa, wasu kuma danginsu ne suka kore su saboda bangaskiya. Da yawa sun ɗauki sabon suna ranar baftisma. Mutum ya bar garinsu da sunan Tanko, ya mutu da sunan Bitrus, jikansa kuma yana rubuta Bitrus a matsayin sunan gida. A nan igiyar take tsinkewa.

Idan ta tsinke, akwai abin da ke biyo baya. Yaronmu zai je neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma domin shiga makaranta ko samun aiki, a tambaye shi gidan kakansa, ya rasa amsa. Gonar gado takan salwanta saboda babu wanda ya san iyakarta. Abin da ya fi ciwo shi ne yaron da ake ce masa baƙo a ƙasar kakanninsa, har shi ma ya yarda.

Bari mu dubi Wusasa, kusa da Zariya, domin tarihinta ya nuna amfanin riƙe asali. A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya riƙa ɗaukaka Annabi Isa cikin koyarwarsa har aka kashe shi. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watsu zuwa ƙauyuka, wasu har ƙasar Ningi. Likita Mila na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, kuma a 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka neme shi. Aka kafa musu mazauni a Gimi, amma cikin 'yan shekaru ciwon barci ya hallaka da yawa, sauran suka koma Zariya. A 1929 aka tashi daga birni zuwa Wusasa. Daga wannan zuriya Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A Wusasa ɗin kuma Janar Yakubu Gowon ya girma, ko da yake mahaifinsa mutumin Ngas ne daga ƙasar Filato da aikin bishara ya kawo shi. Muna iya faɗin waɗannan abubuwa yau domin an samu masu rubutawa.

Akwai kuma waɗanda ba su sami wannan gata ba. A 1909 mishan ɗin SUM ta buɗe gidan renon yaran da aka 'yanta daga bauta a Rumaisha, bakin kogin Binuwai, daga baya aka mayar da shi Wukari. Da yawa cikin yaran an raba su da iyayensu tun suna ƙanana, ba su san sunan garinsu ba. Su tilas ce ta raba su da asalinsu. Mu idan muka rasa namu, sakaci ne.

To, ta ina za mu fara? Na farko, a fara da tsofaffi, musamman mata. Kaka ita ce ta san wanda ya auri wa, da wanda aka yi riƙonsa, da wanda ya tafi ci rani bai dawo ba. A je da takarda da biro, a kuma ɗauki muryarta da waya. Kada a tambaye ta shekara, domin ba da ita take lissafi ba. A tambaye ta abin da ya faru lokacin. Idan ta ce mahaifinta ya baro gida lokacin yunwar Kakalaba, wajen 1914 ke nan. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Ɗibar gwamna zuwa haƙar kuza a Jos an yi ta ne daga 1942 zuwa 1944, lokacin yaƙin Hitila. Zuwan Sarauniya 1956 ne, canjin kuɗi daga fam zuwa naira kuma 1973.

Na biyu, a rubuta kowane suna da mutum ya amsa: na yanka, na baftisma, laƙabi, har da wanda surukai suke sakaya shi da shi. A rubuta tsagar fuskar gidan, da sana'arsu, ko ƙira ce ko rini ko farauta, da kirarinsu, da kufan da suka taso. Sau da yawa tsaga ko kirari ne ke kai mutum ga danginsa bayan suna ya ɓace.

Na uku, a nemi takardu. Littafin baftisma da na aure na ikkilisiya, tsohon katin asibitin mishan, takardar sallama daga soja, da rubutun da kakanni suka yi a shafin farko na Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932. Wanda yake so ya zurfafa, Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna tana da rahotannin da turawan mulki suka rubuta kan gundumomi, akwai kuma Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna. Takardun CMS suna Jami'ar Bamingham a Ingila.

Na huɗu, a faɗi gaskiya. Idan kakanmu bawa ne, a rubuta. Idan mai tsafi ne ko Bamaguje, a rubuta. Idan rabin danginmu Musulmi ne, a rubuta sunayensu, a kuma je a gaishe su, domin sau da yawa su ne ke riƙe da rabin labarin da ya ɓace mana. Asalin Yesu da Matiyu ya jera a sura ta farko bai ɓoye Rahab ba, bai kuma ɓoye Rut ba, baƙuwa daga ƙasar Mowab.

Ina da roƙo ga dattawa. Mun ga yadda aka ƙone majami'u a rikicin Kaduna na 2000, da kuma a yankunan Gwoza, Michika da Mubi a 2014. Inda gini ya ƙone, takardun cikinsa ba sa tsira. Kowace ikkilisiya ta ɗauki hoton littattafanta shafi-shafi, ta ajiye kwafi a ofishin gunduma. Kowane gida kuma ya buga nasa a takarda, ya raba wa 'ya'ya, domin waya takan ɓace ko ta lalace.

Matasa, kada ku jira sai an taru wurin jana'iza. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Kafin Kirsimetin bana, kowa ya zauna da wanda ya fi tsufa a gidansu, ya rubuta aƙalla kakanni uku da garin da suka fito.

Ubangiji ya ba tsofaffinmu tsawon rai, ya ba mu kunnen saurare. Amin.