Jawabi Ga Hakiman Ƙasar Yawuri Da Malamansu A Kan Bikin Fitar Ɗari A Makarantu

 

Maganar da aka aiko ni da ita yau ta yaran makaranta ce. Kun sani daga watan Disamba har Fabrairu ɗari yakan matsa wa ƙasar nan, balle garuruwan bakin ruwa. Hazo ya rufe kogi, yaro ya tashi da mura da faso, ya ƙi barin bakin wuta. Yau ya makara, gobe ya yi fashi, jibi sai a gan shi cikin kwalekwalen ubansa. Waɗansu daga nan ba su sake komawa aji.

A Farisa akwai bikin Nairuz wajen 21 ga Maris, na murnar wucewar sanyi. Mu ma muna da bikin Rigata da ake yi a Yelwa. To, shawarar ita ce kowace makarantar firamare a Yawuri da Ngaski da Shanga ta keɓe rana guda a ƙarshen ɗari, 'ya'yan kowace kabila su nuna abin da suka gada. Yaron da ya san za a kira shi gaban Hakimi ba zai yi fashi ba.

Akwai dalili na biyu, shi ne kuwa mafi nauyi. Sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya cinye tsibirai da gonaki, aka ta da mutum fiye da 40,000 a ƙasar Yawuri da ta Borgu zuwa sababbin matsugunai. Waɗanda suka ga tsofaffin garuruwan da idonsu yanzu sun tsufa. Shanganci kuma masu jinsa sun ragu ƙwarai, gama yawancin Shangawa sun koma Hausa. In dattawan nan suka kau ba a tambaye su ba, wa za a tambaya?

Saboda haka a ranar bikin a bar ɗan Gungawa ya faɗi yadda kakanninsa suka noma albasa a tsibiri, ɗan Sarkawa ya saƙa koma, 'ya'yan Kambari da Dukawa su yi gaisuwa da ƙirga da harshensu. Kada a yi wa kowa dariya, kada kuma a tilasta wa yaro abin da addininsa ya hana.

Abin da ake roƙon Hakimai shi ne su ba da fili, su umurci dagatai su kawo dattawa, su kuma halarta da kansu. Wasan duka a tudu za a yi shi, kada a sa yaro ko ɗaya cikin jirgin ruwa. Ku kuwa Malamai, ku zo da littafi da alƙalami, ku rubuta sunayen garuruwan da ruwa ya ci, da duk abin da dattawa suka faɗa, a ajiye a ofishin Hakimi.

Allah ya raya mana yaranmu, ya ƙara wa Sarki lafiya, amin.