Godiyar Ƙarshen Shekara: Haƙƙin Maƙwabci a Ƙasar Gobir



Iyayenmu malamai, shugabannin kwamitocin masallatai, da ku masu fitar da haƙƙin Allah daga dukiyarku, muna gode wa Allah da ya nuna mana ƙarshen wannan shekara, sa'an nan muna gode muku.

Kun san halin da Sabon Birni da Isa suke ciki. Tun 2019 'yan bindiga ke tarwatsa ƙauyuka, har dubban 'yan'uwanmu suka tsallaka Gidan Rumji a jihar Maraɗi. Manomin da jiya yake auna ushirin geronsa, damin nan ɗaya cikin goma, yau shi ke jiran a auna masa. Wanda gonarsa ta tsira bai fi shi dabara ba. Allah ne ya tsare. Godiyar wannan tsari kuwa ita ce a fitar da zakkar tun hatsi na masussuka.

Roƙonmu ga kwamitoci: ku ƙidaya zawarawa, marayu da baƙin da ke unguwanninku, ku kai musu har gida, cikin sutura. Mai karɓar nan maƙwabcinku ne, kuma jiya mai bayarwa ne.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya, ya karɓi ayyukanmu. Amin.