Ma'aunin Taswira da Hakkin Manomi: Jawabi ga 'Yan'uwa Ɗalibai



Abin da ya tara mu yau wasu 'yan lambobi ne da ake bugawa a gindin kowace taswira, waɗanda yawancinmu kan tsallake su. Su ne ma'aunin taswira, watau bayanin yadda aka rage faɗin ƙasa har ya shiga takarda.

Idan muka ga 1:50,000, ma'anarsa santimita ɗaya a takarda daidai take da santimita 50,000 a ƙasa, watau mita 500. Dabarar mai sauƙi ce: a share sifiri biyu na ƙarshe, abin da ya rage shi ne mitocin da santimita ɗaya ta ƙunsa. Saboda haka hanyar da ta ci santimita 7 a irin wannan taswira tafiyar kilomita uku da rabi ce. In hanyar mai lanƙwasa ce, sai a bi ta da zare, sa'an nan a miƙe zaren a kan rula. Tsofaffin taswirorin Turawa kuwa sukan ce inci ɗaya mil ɗaya, watau 1:63,360, domin incin da ke cikin mil guda ke nan. Haka lissafin yake a zanen gini: a ma'aunin 1:100, ɗakin da aka zana santimita 4 da 3, ɗaki ne mai mita 4 da 3.

To, ga inda haɗarin yake. Tsawo daban, faɗin fili daban. Mu ɗauki gona wadda safiyo ya zana a ma'aunin 1:5,000, tsawonta santimita 3, faɗinta santimita 2. A ƙasa mita 150 ke nan da mita 100, watau murabba'in mita 15,000, hekta ɗaya da rabi. Amma in wani malamin ofis ya karanta zanen a matsayin 1:2,500, zai sami mita 75 da 50, watau murabba'in mita 3,750 kacal. Rabi aka rage a ma'auni, amma gonar ta koma rubu'i. In diyya za a biya, manomi ya yi asarar kashi uku cikin huɗu, alhali kuwa ba a taɓa ko kunya ɗaya ta gonarsa ba.

Tun da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa a 1978, filaye suka koma amana a hannun gwamnoni, takardar mallaka da zanen safiyo suka ƙara nauyi a kan shaidar baki. Rikicin madatsar ruwan Bakolori na 1980, inda manoma suka rasa rayukansu a kan batun gonaki da diyya, ya isa ya nuna mana cewa awon ƙasa ba abin wasa ba ne.

Akwai kuma tarko biyu da ya wajaba mu kiyaye. Na farko, in aka ƙara girman taswira ko aka rage shi a injin kwafi, lambobin nan sun tashi daga aiki. Ma'aunin sanda da aka zana a gindinta shi kaɗai ne abin dogara, domin tare da taswirar yake girma, tare suke raguwa. Na biyu, duniya ƙwallo ce, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya, don haka taswirar duniya ba ta da ma'auni guda a ko'ina. A tsarin da Mercator ya fitar a 1569, tsibirin Girinlan kan fito kamar ya yi kafaɗa da Afirka, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14.

'Yan'uwa, guminsu iyayenmu manoma ne ya kawo mu wannan jami'a. Gobe mu ne za mu zauna a ofisoshin filaye da kotuna, mu ne kuma za a miƙo wa takarda a ƙauye a ce, "Ɗana, duba mana." Rashin sani ya fi dare duhu. Lalle ne kafin mu ce komai game da kowane zane, mu fara duba ma'auninsa, mu ɗauki rula, mu yi lissafin da kanmu.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani. Wassalamu alaikum.