Bayanin Ɗalibi Amana Ce A Hannun Makaranta

Jama'a, a ranar da uba ya kama hannun ɗansa ya kai shi makaranta, abu na farko da ake yi shi ne hedimasta ko akawu ya buɗe rajista ya fara tambaya. Mene ne sunan yaron? Yaushe aka haife shi, kuma a wane gari? Mece ce sana'ar uban, ina unguwarsu, mece ce lambar wayarsa? Uba yakan amsa, a rubuta, ya koma gida. Kaɗan ne daga cikin iyaye ke tsayawa su tambayi inda wannan rubutu zai je, da wanda zai karanta shi. An shirya wannan jawabi ne don a bayyana wa jama'a abin da makarantu ke tarawa game da ɗalibai, da amfanin da ake yi da shi, da haƙƙin da doka ta ba iyaye a kansa.

Abin Da Ake Tarawa

Rajistar shiga makaranta ita ce mafari. Bayanta akwai rajistar kiran suna ta kowace safiya, da takardar sakamako ta ƙarshen zango, da makin gwaje-gwajen da malamai ke yi a kai a kai, waɗanda Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ƙarfafa. Akwai hoton yaro da kwafin takardar haihuwarsa. Makarantun kwana kuwa sukan nemi takardar likita, don a san ko yaro yana da sikila, ko asma, ko farfaɗiya. Har ila yau akwai littafin horo, inda ake rubuta laifin da ɗalibi ya yi da hukuncin da aka yi masa.

A zamanin shirin ilmin firamare kyauta na 1976, duk waɗannan takardu a kabad ɗin ofishin hedimasta suke kwana, mabuɗi kuma yana aljihunsa. Yanzu da yawa daga cikinsu sun shiga kwamfuta da wayar hannu. Ana duba sakamako ta intanet, ana aika sanarwa ta zaurukan WhatsApp na iyaye da malamai. Wannan ya kawo sauƙi ƙwarai, amma takardar da a dā sai an fasa kabad kafin a gan ta, yanzu tana iya isa ga mutum dubu cikin minti guda.

Inda Bayanan Ke Tafiya

Lalle makaranta ba ta iya aiki sai da waɗannan bayanai. Da ƙidayar ɗalibai ne ma'aikatun ilmi na jihohi da Hukumar Ilmin Bai Ɗaya ta Ƙasa ke sanin yawan azuzuwa da malamai da littattafan da ake bukata. Sa'an nan akwai hukumomin jarrabawa, watau WAEC wadda aka kafa a 1952, da JAMB a 1978, da NECO a 1999. Waɗannan suna karɓar sunan ɗalibi da ranar haihuwarsa da hotonsa, JAMB kuma tana ɗaukar zanen yatsunsa. Tun daga shekarar 2021 ba a yi wa ɗalibi rajistar jarrabawar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, mai alƙaluma 11. Ke nan abin da aka rubuta a rajistar aji ɗaya yana bin yaro har ƙofar jami'a.

Haɗari Iri Biyu

Na farko shi ne kuskure. Idan uba ya kintaci shekarun ɗansa, ko akawu ya rubuta Muhammadu a wannan takarda, Mamman a waccan, ba a ganin illar abin a ranar. Sai bayan shekara goma sha biyu, sa'ad da yaron ya je rajistar jarrabawa aka tarar sunan da ke kan NIN ya saɓa da na makaranta, sa'an nan a shiga zirga-zirgar rantsuwa a kotu da kashe kuɗi, wani lokaci har a rufe rajista ba a gama gyara ba. Ranar haihuwa ma haka take, gama wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama karatun jami'a ba ya shiga aikin yi wa ƙasa hidima.

Na biyu shi ne tonon asiri. Jerin sunayen ɗalibai da lambobin wayar iyayensu, in ya faɗa hannun ɗan damfara, sai ya buga wa uwa waya ya ambaci sunan ɗanta da ajinsa, ya ce yana asibiti a aiko da kuɗi. Hoton yarinya cikin kayan makaranta, da sunanta da unguwarsu, ya isa ya zama jagora ga mugu. Haka kuma yaron da aka bayyana ciwonsa a gaban aji, ko aka lanƙaya sunansa a allo don ubansa bai biya kuɗin makaranta ba, yana iya ƙin komawa karatu saboda kunya. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Abin Da Doka Ta Ce

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa haƙƙin tsare sirrinsa, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 kuma ta nanata wannan haƙƙi ga wanda bai kai shekara 18 ba. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya. Dokar ta shafi makarantun gwamnati da masu zaman kansu baki ɗaya.

Ga abin da ta ɗora wa makaranta. Kada ta nemi abin da ya wuce bukata. Ta faɗi dalilin da ya sa take nema, kada kuma ta juya ta yi amfani da shi a wani abu dabam. Ta tabbatar abin da ta rubuta daidai ne, ta adana shi inda ba kowa ke kaiwa ba, kada ta riƙe shi fiye da lokacin da ake bukatarsa. Bayanin lafiya da na addini da na ƙabila da zanen yatsu suna cikin waɗanda doka ta ce a ƙara tsananta tsaronsu.

Game da yara, inda ake bukatar yarda, yardar iyaye ko waliyyi ake nema. Dokar ta sassauta a kan aikin koyarwa ko jinya wanda ma'aikaci mai nauyin riƙe sirri ke yi, da kuma inda ake ƙoƙarin ceton ran yaron. Saboda haka malami ba ya bukatar izni kafin ya rubuta maki. Amma sa hoton ɗalibi a tallar makaranta, ko miƙa lambobin iyaye ga ɗan kasuwa, ba aikin koyarwa ba ne. Idan kuwa aka sace bayanai ko suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da Hukumar cikin awa 72. Tarar saɓa wa dokar tana iya kai naira miliyan 2, ko miliyan 10 ga manyan masu riƙe bayanai, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara idan ya fi haka yawa.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Iyaye suna da ikon su nemi ganin abin da aka rubuta game da ɗansu, su sa a gyara kuskure, su tambayi wanda aka ba, su kuma janye yardar da suka bayar a baya. Ya kamata kowane uba ya yi wa ɗansa rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, ya tsaya a kan suna ɗaya da rubutu ɗaya a kowace takarda, ya kuma karanta fom kafin ya sa hannu. Wanda bai iya karatu ba ya nemi amintacce ya karanta masa, wannan ba abin kunya ba ne.

Malamai kuwa su kulle kabad, su sa wa kwamfuta kalmar sirri, su aika wa kowane uba sakamakon ɗansa shi kaɗai. Tsofaffin takardun da aka gama da su a ƙone su, kada su ƙare a hannun mai ƙosai tana ƙunshi da su. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Wanda ya ga an yi wasa da bayanin ɗansa ya fara kai kuka ga shugaban makaranta a rubuce, ya ajiye kwafi. In bai sami biyan bukata ba, ya kai ƙara ga Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda hedkwatarta ke Abuja. Yaro ƙarami ba ya iya kare kansa a wannan al'amari, don haka nauyin yana kan iyaye da malamai, kuma ana roƙon shugabannin ƙungiyoyin iyaye da malamai su karanta wannan bayani a taronsu na gaba.